Faifan da Ruwa Ya Ci Sunansa

A ƙasan gadar Ojuelegba, inda danfo ke tofa hayaƙi,
Baba Oyelakin ya shimfiɗa buhu
tsakanin mai sayar da caja da mai gasa ayaba.
Kwali uku. Danshin Ikko ya lashe gefensu,
fumfuna ta yi musu furfura.
"Malam Haladu, ɗauki biyar ka biya kuɗin biyu,
rabon da a tambaye su tun ina da haƙora."

Ni mai gyaran agogo ne a Obalende.
Shekara talatin ina tilasta wa lokaci ya bi layi,
ina ɗaure daƙiƙa da ɗan hantsaki.
Sai ga ni da dare, a ɗakin haya,
ina wanke baƙin faifai da ruwan sabulu
kamar mai yi wa jariri wanka.

Dubi bangonsa: ido a tsakiyar fure,
launuka sun rikice irin na bakin mai a kan kwata
idan rana ta fito bayan ruwa.
Samari huɗu, suma har kafaɗa,
ɗaya ya kau da kai, kamar an kira shi daga waje.
Ruwa ya ci sunansu.
Shekarar kawai ya rage min: sittin da tara.

Na sauke allura.
Da fari ƙas-ƙas, kamar ana suyar gyaɗa a maƙwabta,
sannan jita ta taso,
rina ce aka kulle a gwangwanin madara, ta fusata,
ta fita ta lasifikar hagu, ta zagaya bayan ƙeyata,
ta dawo ta dama tana dariya.
Ganga ta yi tuntuɓe, da gangan.
Wani wurin kiɗan da baya yake tafiya,
kamar ruwan da aka zubar yana komawa buta.
Mai waƙar kuwa daga ƙasan rijiya yake kira.
Turancin nasa ban tsinci ko rabi ba,
amma na san muryar wanda bai yi barci ba.

Minti goma sha ɗaya, waƙa guda!
Na duba agogon bango, wanda ni na gyara shi,
ya ce goma sha ɗaya. Ban yarda ba.

Hansatu ta leƙo da ludayi a hannu:
"Injin ne ya lalace ko haka suka yi abinsu?"
Na ce haka suka yi.
Ta ce, "Allah ya kyauta," amma ba ta koma ba,
ta jingina da ƙofa har miya ta kama.

Zulai, autarmu, ta kara wayarta a lasifika,
wai wayar ta san kowace waƙa a duniya.
Ta juya, ta juya, ta ce ba ta sani ba.
Ban taɓa jin daɗin jahilcin wani abu haka ba.

Ƙila kwafi ɗari uku suka buga, suka watse.
Ƙila mai gangar ya ƙare malamin lissafi,
bai taɓa gaya wa ɗalibai ba.
Wa ya ɗauko shi ya ƙetaro teku?
Matuƙin jirgin da ya kwana a Apapa?
Ɗalibin da ya dawo da akwati ɗaya?
Akwai zanen yatsan wani a gefe na biyu
wanda sabulu ya ƙi fitarwa.

A waƙa ta huɗu akwai tabo.
Allura na zuwa nan sai ta maƙale,
kalma ɗaya, kalma ɗaya, kalma ɗaya,
sai na ɗora mata tsohon kwabo a ka, ta haye.

Jiya ana tsakiyar kukan jitar aka ɗauke wuta.
Muryar ta yi nauyi, ta yi kauri, ta nutse
kamar kwalekwale a Makoko.
Janaretocin unguwa suka tashi ɗaya bayan ɗaya.
Muka zauna a duhu, mu uku,
sai na ji Hansatu can ƙasa-ƙasa
tana ƙarasa musu inda suka tsaya.