Madugun Fili

A gidan shayin tashar bas ta Kaunas,
dusar ƙanƙara na sauka a waje,
Rimantas ya doki tebur har cokali ya yi tsalle:
"Madugun ƙwallon kwando, jifa ce darajarsa!
Saura sakan uku, an fi ku da maki biyu,
wa zai jefa? Shi. Bai neman kowa."

Vytenis ya hura kofinsa.
Shekara talatin yana jan bas.
"Direba mutane yake kaiwa, ba kansa ba.
Madugun gaske ido gare shi a ƙeya.
Ya san dogon nan na hagu ya fara kumbura,
ya daɗe bai taɓa ƙwallo ba,
sai ya ciyar da shi tun bai roƙa ba."

"To sadaka muka zo kallo?"

Aldona mai goge tebura,
da tabon ɗinki a gwiwar hagu
tun wasanta na ƙarshe,
ta kwashe kofunan ba tambaya.
"Ku hannu kawai kuke gani.
Mutum tara na gudu kamar an ce gobara,
kai kaɗai ke tafiya sannu,
kana sauraren numfashin kowa."

Shida saura biyar. Rimantas ya ɗau hula.
A bakin ƙofa ya juyo:
"Amma dai in saura sakan uku..."

Ta wurgo masa makullin da ya manta,
ko waiwayowa ba ta yi ba.
Sai ji ya yi yana tafin hannunsa.