Kofuna Tara a Nertiti

Kwana sha ɗaya ke nan
da dutse ya gangaro ya zauna a kan hanyar Golo
kamar baƙon da ya manta da sallama.

Ni Haliyo, mai shayin bakin tasha,
kofuna tara gare ni, duk a kife.
Gawayin da na ci bashi
ni kaɗai yake ɗumamawa.

Can sama Tibin ya tsinke lemonsa,
buhu sittin, ya jera a inuwa.
Ƙuda ne kawai ya zo taya,
shi kuwa ba ya biya.

Gishiri ya ninka uku.
Sabulu sai an yanka shi huɗu,
kowa ya ƙulle nasa a bakin zane.
Mai jaki, da ba a amsa masa gaisuwa,
yau sai an yi masa layi.

Daldum direba na kwance ƙarƙashin motarsa
yana lissafin abin da uban gida zai zaftare.
Na miƙa masa shayi. Ya ce, rubuta.
Na ce, a ina? Littafin ya cika.

Ya laluba aljihu,
ya fito da lemo guda, gefe ɗaya ya lotsa.
Muka yanke ruɓaɓɓen,
muka raba saura.