Makullin Girgije

Ƙarfe biyun dare, Samaru ta yi tsit,
sai kwaɗi a lambatun bayan shagon Ilu.
An ɗauke wuta tun magariba.
Batirin laftop ya ce saura sha tara,
ni kuma saura babi huɗu da kwana shida.

Da rana ina buga wa ɗalibai kundinsu,
ina gyara musu aya da waƙafi,
su karɓa, su tafi su zama wani abu.
Da dare ni ma ɗaliba ce.
Malamina yana cikin bidiyo,
yana zuba kamar ana korarsa.
In tsayar da shi, in mai da shi baya sau goma,
bai taɓa yin fushi ba.
Data ce mai fushi.

Shekaranjiya Baba ya zo daga Bomo,
laka har gwiwar wandonsa.
Ya leƙa allon, ya ce, "Barira, me ake koyo?"
Na ce, "Kula da girgije."
Ya yi dariya har hula ta karkace.
"Shekara sittin ina ɗaga kai sama,
ban taɓa ba shi umarni ya ji ba.
Ke har takardar shaida za a ba ki?"

Na ce, Baba, rumbu ne.
Rumbun da ba ya cikin gidanka,
yana can wata ƙasa, a ɗaki mai sanyi,
amma hatsin naka ne.
Aikina in san wa zai buɗe,
wa zai leƙa kawai ya wuce,
wa ke da mudu, wa ke da buhu,
wanda ya bar aiki a karɓe makullinsa
kafin takalminsa ya kai zaure.
In ajiye iri a wuri biyu saboda gobara.

Ya daɗe bai ce komai ba.
Can ya ce, "Ashe aikin Inna Sahura ne.
Makulli bakwai a bakin zaninta,
ba ta taɓa ba mutum ɗaya biyu ba."
Na rubuta wannan a gefen babi na tara.
Ya fi bayanin malamin bidiyo.

Kuɗin jarrabawa da dala ake biya.
Kwasar adashina ce ta tafi ɗungurungum,
ta wata biyar, har da ta ɗinkin Sallah.
Gwajin farko na ci hamsin da takwas,
na biyu sittin da ɗaya.
Sittin da biyar ake nema.
Tazarar maki huɗu ta fi ta nan da Kwangila a ƙafa.

An ce ɗaki ya zama babu kowa, babu motsi,
kyamara na kallona kamar mai tsaron kasuwa.
Lurwanu ya faɗi bara, ba don bai sani ba,
sabis ne ya tsinke a tambaya ta arba'in.
Na je na roƙi Maman Ladidi
ta kashe injin markaɗe ran Asabar,
daga goma zuwa azahar.
Ta ce to, in na buga wa ɗanta takardar neman aiki.
Mun tafa.
Zakaran Ilu ne har yanzu ba mu daidaita ba.

Yanzu iska ta taso, tana kaɗa kwano.
Ƙamshin ƙasa ya shigo ta tagar da ba ta rufuwa.
Walƙiya, sai sabis ya gudu.
Na jawo littafi da biro,
ina zana wa zai ga me, akwati cikin akwati,
ruwa na ɗiga a bokitin da na tara.

Da asuba waya ta yi ƙara.
Baba ne, muryarsa cikin rugugin ruwa:
"Masara ta sha ta ƙoshi.
Barira, tun ba ki ci ba?"

Batiri saura uku.
Na buɗe babi na goma.