Keken Barmo

Shekara talatin ƙafata na taka keke
a shagon ɗinki, bakin Babbar Kasuwa,
har kafar allura ta fara ɓuya mini.
Na ce da zare, mu rabu lafiya.

Daren Laraba iska ta karya bedi
a gangaren Gulbi, bayan Bagalam.
Kafin hantsi Barmo ya kai masa gatari,
ya leƙo zaure: "Taho, tela, ka ga wani keken."

Ba mai, ba bel, ba ruwansa da kuran.
Turaku biyu, ƙusa biyu na kallon juna,
doguwar sanda ta sunkuyo daga sama
kamar jigon lambu yana leƙen rijiya.
Igiya ta sauko, ta naɗe icce sau biyu,
ta kama wani katako a ƙasa.
Ka taka, icce ya juyo gare ka.
Ka saki, sanda ta janye abinta.

Na yi dariya. Ni za a koya wa takawa?

Bai tanka ba. Ya miƙo gizago.
Sai da muka tsaga gungumen biyu,
ya nuna tsakiya da farce:
"Cibiya ita ka cin amana. Fidda ta."
Na sara, na sara, na zarce,
gizago ya ciji ƙasa kusa da ɗan yatsana.
Kafin azahar tafin da ya saba da atamfa
ya yi ƙoƙo uku, biyu sun fashe.

Sannan ya ba ni ƙarfe mai bakin cokali,
wanda maƙeri ya fitar daga sifirin kamiyo.
Na taka irin takun da na sani,
mai gudu, mai cin yadi goma kafin la'asar.
Ƙarfe ya yi tsalle, icce ya tofa mini ruwa,
ɗaci har maƙogwaro.
Keken ɗinki gaba kawai ya sani.
Wannan yana zuwa, yana komawa,
in ya zo ka ci, in ya koma ka ɗaga hannu.
Rabin aikin duk bari ne.
Shekara hamsin da bakwai ba wanda ya faɗa mini.

Rana ta huɗu, ban san sa'ad da ta faru ba.
Ƙafa ta daina gardama da sanda.
Wani zare ya taso daga jikin bedi,
fari, jiƙaƙƙe, mai sanyi,
ya bi wuyan hannuna yana nannaɗewa,
bai tsinke ba har ya taɓa ƙasa.
Ni da na ce mun rabu da zare.

Akushi ne, in an yi mini adalci.
Gefe guda ya fi kauri,
gindinsa na rawa in an ajiye.
Barmo ya ce, "Ɗanye na. Binne shi cikin ɓawonsa,
inuwa, wata guda, kak ka leƙa."
Na kai shi gida a hammata,
na ɗora bisa katanga don maƙwabta su gani.

Rana ta yi masa kwana biyu.
Cikin dare na ji ƙas!
kamar an karya goro a ɗakin duhu.
Tsaga daga baki har gindi.

Tsahara ba ta ce komai ba,
ta zuba masa maɓallai da tsofaffin allurai.
Barmo ya juya shi, ya shinshina,
ya ce, "Ka iya ɗinki, ko? To ɗinke."
Na huda da tsinke mai zafi, na bi da waya,
ƙulli bakwai, layi bai karkace ba.
Nan ne kaɗai hannuna bai yi rawa ba.

Sauran rabin gungumen na nan
ƙarƙashin jiƙaƙƙen buhu, bayan randa.
Gobe da asuba, kafin kuɗa su tashi.