Sha Shida a Biloxi

Ƙarfe biyun dare ya gota a Biloxi.
Gidan nan ba taga, ba agogo,
amma ina jin teku a gwiwoyina,
tana can bayan bango tana lasar ginshiƙai.

Tuyet ta ajiye mini goma, ta ajiye shida.
A gabanta wani goma ya zuba mini ido,
ɗayan katin a kife
kamar kunkuru ya janye wuya.

Sha shida.
Bai kai na tinƙaho ba,
ya wuce na ƙari hankali kwance.
Gaba kura, baya siyaki.

Cikina ya ce: tsaya.

Cikin nan fa ba yaro ba ne.
Shekara talatin da ɗaya muna jan taru tare,
shi ya san inda jatan lande ke kwana.
Shi ya tashe ni wata asuba ya ce juya jirgi,
sama fes, rediyo shiru,
na juya.
Jirgin su Lucien bai juya ba.
Har yau matarsa na barin fitilar baranda a kunne.

A aljihun rigata kuwa akwai takarda,
ko tafin hannu ba ta cika ba.
Odile ta zana ta da rula a teburin kicin,
ja, shuɗi, kore, gida-gida,
ta kai shagon hoto aka lulluɓe ta da roba.
Ita ke riƙe littafin kuɗi a kamfanin kifi,
ba ta taɓa runtsawa ba alhali sisi ɗaya bai san ɗakinsa ba.
Inda sha shida ya haɗu da goma
ta rubuta: ƙara.
Ta ja layi biyu a ƙasa,
don ta san wanda ta aura.

Na ce mata, cikin nan ya taɓa ceton raina.
Ta ce, na sani, ina tsaye a gaɓa ranar.
Sauran ranakun fa?
Sau nawa ya koro ka gida, teku na kwance kamar tabarma,
ka ƙona mai, ka dawo da ƙanƙara zalla?
Cikinka mugun akawu ne, Remy,
riba yake rubutawa,
ranar asara sai ya ce biro ya ƙafe.
Takarda ba ta ce za ka ci ba.
Ka tsaya, ka ƙara, hannun nan rami ne.
Cewa kawai ta yi
wannan gefen ya fi wancan rashin zurfi
da faɗin farce.

Faɗin farce.
A kan shi za a ce in yi wa tsohon aboki kunnen uwar shegu.

Tuyet na jira, hannunta a kan akwatin kati.
Yaron barikin sojan sama da ke hagu da ni
ya rungume sha tara, yana kaɗa ƙafa.
Na'urori a baya suna ta guɗa, ba amarya.

Na ƙwanƙwasa tebur da yatsa.

Sarki.
Ishirin da shida.
Dala ishirin da biyar ta bi hannun Tuyet ba ko waiwaye.

Sannan ta buɗe nata: shida.
Sha shida, irin nawa sak.
Da na tsaya, sarkin nan a kanta zai faɗi.
Ta ja huɗu. Ishirin.
Yaro ya dafe kai: Baba, ka cinye mata sarki!

Cikina bai ce komai ba.
Ya gyara zama kawai,
na ji yana neman biro.

Wata bakwai ke nan da muka kai Odile makwancinta.
Da tana nan, da ta ɗaga kafaɗa
ta ce hannu ɗaya ba lissafi ba ne,
dawo mini bayan dubu goma.
Ni kuwa da wuya in ga dubu goma.

Na shafa aljihu.
Gefen robar ya fara ɓarewa, yana sukar yatsa.
Tuyet ta ce, Malam Remy, kana ciki?
Na tura ƙwandala guda cikin da'ira.