Allon Sabuwar Hukuma

Ranar da rediyo ta ce an yanka mana sabuwar ƙaramar hukuma
ina rumfata a Tudun Wada, ina wanke buroshi da kananzir.
Kafin la'asar aka aiko da katako ƙafa goma sha biyu:
"Tanimu, rubuta suna da manyan baƙaƙe,
yadda ɗan acaɓa zai karanta a guje."

Na ce, wane suna?
Nan tuwo ya ƙi tuƙuwa.

Alhaji Nadabo ya yi sammako,
turarensa ya riga shi sallama:
"Hedikwata a garinmu za ta zauna,
kakana ya sare dajin wurin."
Ya ajiye kafin alƙalami, na shafa kore.

Fenti bai bushe ba sai ga Injiniya Cindo,
taswira a hammata, Turanci a baka:
"Goge! Mu ke da kasuwa, mu ke da kwalta.
Su me suka ajiye, ban da tsohuwar kuka da labari?"
Na goge. Na shafa fari.

Hajiya Tabawa ko saukowa ba ta yi ba,
gilashi kawai ta zuge:
"Ƙyale su. Kowa zai hau, da ƙuri'ar matana zai hau.
Bar mini gurbi daga ƙasa."

Bara war haka akushi ɗaya suke ci,
mota ɗaya ta kai su Kaduna roƙon a raba mu da maƙwabta.
Yau an ba su saniyar,
wannan ya kama ƙaho, wancan ya kama wutsiya,
mai tatsa ba ya ko gari.

Damina ta sauka. Kubanni ta cika ta batse,
ƙoramarmu ta haɗiye gadar da Kande ke bi zuwa makaranta.
Na kai kuka tsohuwar hukuma, suka ce ai an yaye ku.
Na nemi sabuwa, aka nuna mini fili:
bulo huɗu, da akuya a kai tana tuƙa.

Allo ya sha fenti bakwai,
ya yi kauri kamar wuyan ɗan kwangila,
sunan kowa kwance ƙarƙashin sunan wani.
Ran Juma'a muka ciccibe shi ni da Iro,
muka gitta shi inda gada ta tafi.

Kande ta tsaya a tsakiya, ta sunkuya:
"Baba, me aka rubuta?"
Na ce, "Taka ki wuce, 'yar nan,
an kusa buga ƙararrawa."