Shafi na Arba'in da Uku

A gindin wani durumi a Tudun Wada,
inda Malam Yero ke baza tsofaffin littattafai a kan buhu,
na tsinci wani da bangonsa ya tafi,
gara ta yi kalaci da sunan marubucin.
Ɗari uku, in ji shi. Na ce biyu.
Ya ce ɗauka, wa ke sayen aljanu yanzu?

Na buɗe shi a bas ɗin Samaru.
Duk suna ciki, an jera su kamar 'yan firamare:
mai kofato da ke tare hanya a bayan ganuwa,
kiɗan da ake ji a Kufena ba makaɗi,
'yar ruwan Kubanni mai tsifa da tsakar rana,
tsamiyar da gatari ya ƙi ci har sau uku.
An ba kowa lamba, an yi masa sharhi a ƙasa.
Na yi dariya.
Aljanin da ya yarda aka kwantar da shi a takarda
ai ya gama ban tsoro.

Sai shafi na arba'in da uku.

Wata tsohuwar marina, in ji shi, wajen Ƙofar Kuyambana,
rijiya ta bakwai, wadda aka daina rini a cikinta.
Da magariba wani yaro shuɗi kan leƙo,
yana kiran yara su zo wasa.
Wanda ya amsa ba ya kwana gida.
Majiya: wata tsohuwa, ta ƙi faɗin sunanta.

Na wuce inda zan sauka.

Na san tsohuwar nan.
Kuluwa, uwar ubana,
mai goro a ƙullin zane, mai tabon wuta a wuyan hannu.
Ita ta ba mu labarin, mu shida a tabarma guda.
In ta zo wurin kiran sai ta rage fitila,
ta ƙanƙance murya: ku zo mana, ku zo.
Har muka yi gemu ba wanda ya taka marinar.
Ƙwallon da ta faɗa can ta zama tasu.

Ranar sadakar bakwai ɗinta
baba ya faɗa mini, yana tonon ƙasa da tsinke:
yana da wa.
Shekara huɗu. Ya bi ɗan akuya.
An yi cigiya har Ƙofar Gayan, an kwana ana haska lunguna,
da safe marina suka taɓo shi da muciya.
An wanke shi, an sake wankewa,
shuɗin ya ƙi fita,
har likkafanin ya ɗan sha baba.

Ɗan fari ne.
Da ransa ba ta kira sunansa ba, don kunya,
da ya tafi ma kara ta hana ta kuka a tsakar gida.
To ina za ta kai shi?
Sai ta mai da shi dodo.
Ta sa shi gadin ramin da ya cinye shi,
ta samu hanyar zancensa kullum dare
ba mai cewa ta yi rashin ta-ido.
Shekara sittin tana ara masa murya
mu kuwa muna ƙudundune cikin mayafi
muna tsoron baffanmu.

Mai littafin bai yi ƙarya ba.
Abin da aka ba shi ya rubuta,
ya kuma ce irin wannan labari akwai shi a garuruwa da yawa.
Wataƙila.

Jiya na je da magariba.
An cike rijiyoyin, an yi shagon cajin waya a kai,
janareta na ta surutu.
Na tsaya inda nake zaton ta bakwai take
har mai shagon ya ce, lafiya, Malam?
Ba wanda ya leƙo. Ba wanda ya kira ni wasa.

Na ari bironsa,
na jingina littafin da bango,
a gefen shafin, inda gara ta bar ɗan fili,
na rubuta: Tanimu.
Biron shuɗi ne. Ban lura ba sai da na gama.